Sharhi kan "Reformation": wasan talabijin na Jamus a kan Martin Luther

Tashar ZDF ta Jamus ce ta fitar da wannan wasan kwaikwayo a watan Oktoban 2017, lokacin cika shekara 500 da fara yunƙurin gyaran coci da ya haifi ɗarikun Furotesta. Sunansa na asali Zwischen Himmel und Hölle, wato tsakanin aljanna da wuta, a waje kuma ana sayar da shi da sunan Reformation. Uwe Janson ne ya ba da umarni, Maximilian Brückner ya fito a matsayin Luther, Jan Krauter kuma a matsayin mai wa'azi Thomas Müntzer. Kada a rikita: wannan Luther ɗan zuhudun Jamus ne da aka haifa a 1483, ba Martin Luther King na Amurka ba.

Tsawonsa ya kusa awa uku, da Jamusanci ake magana, sai a bi fassarar da ke ƙasan allo. Gara a raba shi zama biyu, domin muhawarar addini na da yawa kuma rubutun na gudu. Akwai azabtarwa da zubar da jini, bai dace da yara ba.

Abin da ya fi ƙarfi a wasan shi ne bai tsaya kan Luther shi kaɗai ba. Ya haɗa shi da Müntzer da malamin tauhidi Andreas Karlstadt, mutane uku da suka faro da manufa ɗaya suka ƙare a rabe. Tushen rikicin kuɗi ne da akida tare. Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ci bashin attajiran gidan Fugger don samun muƙaminsa, aka ba shi izinin sayar da takardun gafara, rabi ya biya bashi, rabi ya tafi ginin majami'ar Bitrus a Roma. Talaka na biya da imanin an rage wa mamacinsa azaba. A kan haka Luther ya aika wa Albrecht batutuwa 95 ranar 31 ga Oktoban 1517. Wasan ya nuna tsoron da ke sa matalauci ya zazzage aljihunsa, kuma a nan ya yi rawar gani. Sai dai mai wa'azin da tarihi ya sani da wannan ciniki Johann Tetzel ne, wasan kuwa ya sa wani mai suna Hartmann a gurbinsa.

Brückner ya taka Luther a matsayin mutum mai zafin rai, mai taurin kai, wanda damuwa ke ci. Haka ya dace. Mutumin da ya ƙona takardar gargaɗin Paparoma a bainar jama'a ranar 10 ga Disamban 1520, sannan ya tsaya gaban Sarki Charles na Biyar a Worms cikin Afrilun 1521 ya ƙi janye maganarsa, ba salihin bawan Allah ne mai sanyin murya ba.

Inda wasan ya karkace shi ne abotar da ya ƙulla tsakanin Luther da Müntzer. Gaskiya ne Luther ya ba da sunan Müntzer aka tura shi wa'azi Zwickau a 1520, amma ba aminan da ke kwana da tashi tare ba ne. Marubutan sun kusanta su don rabuwar ta yi ciwo, abin da ya sa mai kallo zai ɗauka saɓanin zuciya ne. Saɓanin ya fi haka zurfi. Luther ya ce Littafi Mai Tsarki ne ma'auni, kuma bai halatta a ɗaga makami a kan hukuma ba. Müntzer ya ce Ruhu na magana da mai bi kai tsaye, kuma in sarakuna sun ƙi gaskiya a ƙwace takobin daga hannunsu. Da manoma suka yi bore a 1525, Luther ya rubuta wa sarakuna su murƙushe su ba tausayi. A Frankenhausen ranar 15 ga Mayu an kashe manoma fiye da 5,000, aka fille kan Müntzer da ya jagorance su ranar 27 ga watan, Luther kuma ya auri Katharina von Bora ranar 13 ga Yuni. Wasan bai wanke Luther daga wannan jini ba, kuma don haka ya cancanci yabo.

Matsala ta biyu matse lokaci ce. Shekara takwas a awa uku, dole abubuwa su hau kan juna. Malamin da zai nuna wa ɗalibai, ko a makarantar tauhidi ta Ekklisiyar Lutheran da ke da cibiya a Numan ko a ajin tarihi, ya rubuta jerin shekarun a allo kafin a kunna: 1517, muhawarar Leipzig da malamin Katolika Johann Eck a 1519, Worms 1521, ɓuya a gidan Wartburg inda Luther ya fassara Sabon Alkawari daga Girkanci cikin kimanin mako 11, fitowar fassarar a Satumban 1522. Labarin ya tsaya kan yaƙin manoma, saboda haka cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1534 da munanan rubuce-rubucen Luther kan Yahudawa a 1543 sai malamin ya ƙara da bakinsa.