Kamakura ko Nikko: Ina Za Ka Nufa Daga Tokyo?

Kamakura da Nikko garuruwa ne na yawon buɗe ido a Japan. Idan rabin yini kake da shi, Kamakura ta fi. Jirgin layin Yokosuka daga tashar Tokyo awa ɗaya yake yi. Daga nan ka hau ƙaramin jirgin Enoden zuwa Hase, ka taka zuwa babban mutum-mutumin Buddha na tagulla, mai tsayin fiye da mita 11, wanda aka fara ƙerawa wajen 1252. Asabar da Lahadi Enoden kan cika maƙil.

Nikko kuwa sai ka ba ta yini sukutum, kuma ta cancanta. Jirgin Tobu mai sauri daga unguwar Asakusa ta Tokyo kusan awa biyu ne. Fara da wurin ibada na Toshogu, inda kabarin tsohon mai mulkin Japan Tokugawa Ieyasu yake, domin ƙarfe 4 ake rufewa daga Nuwamba zuwa Maris. Sannan ka kama bas zuwa tafkin Chuzenji da gangaren ruwan Kegon mai mita 97. A nan lissafi ke rushewa: hanyar Irohazaka da ke kai wa tafkin lanƙwasa 48 gare ta, kuma a ƙarshen Oktoba, lokacin da ganye ke ja, cunkoso kan mai da tafiyar minti 50 ta koma awanni. Yi sammako, ka riƙo rigar sanyi.