Wata takwas da eriya A-99 a saman gidana

Shekara tara na yi ina jan tirela a Amurka kafin ciwon baya ya sauke ni, kuma da na ajiye sitiyari babu abin da na yi kewa kamar rediyon CB. Ga wanda bai san ta ba, ita ce oba-obar da direbobin manyan motoci ke magana da juna da ita a hanya. Tana aiki a zangon mita 11, wajen megahaz 27, maƙwabciyar mitocin nan 13 da 16 da 19 da iyayenmu ke murɗawa su kamo BBC da asuba. Layuka 40 gare ta: na 19 na direbobi ne, na 9 kuma na neman agajin gaggawa. Tun 1983 aka daina neman lasisi kafin a yi amfani da ita a nan.

Gidanmu yana yamma da birnin Kolombus a jihar Ohayo, bai fi mil biyu daga babban titin I-70 ba, kuma ƙanina yana bin titin nan da tirela sau uku a mako. Na so in riƙa jin sa daga gida, musamman bayan wata guguwa da ta ɗauke mana wuta, layin waya ma ya yi ta yankewa har kwana biyu. Sai na ciro tsohuwar rediyona ta CB, Cobra 29, na haɗa ta da na'urar da ke mayar da wutar gida bolt 13.8, na manna eriyar mota mai maganaɗisu a kan wani akwatin ƙarfe a gareji. Mil uku ta kai, wata rana huɗu. Kafin mu gama gaisawa ya wuce.

Tunanina na farko shi ne in sayi amfilifaya. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya shafe shekaru yana harkar rediyo, shi ya hana ni. Ya ce amfilifaya baki take ƙara wa ƙarfi, ba ta ƙara wa kunne komai. Ƙanina zai ji ni, ni kuwa ba zan ji shi ba, tunda shi wat huɗu ne a motarsa. Ga kuma doka: FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, ƙarfin wat 4 ta yarda da shi a AM, salon aika murya da aka saba, wat 12 a SSB, salon da ya fi kai nesa, ta kuma haramta amfilifaya gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa murɗa layi na 6 ya san abin da masu karya dokar nan ke yi, muryarsu ta malale layuka uku ko huɗu, babu mai iya cewa uffan. Ban so in zama haka ga maƙwabtana ba. Dattijon ya nuna rufin gida da sandarsa, ya ce kuɗina can ya kamata su tafi, wato kan eriya.

Na sayi A-99 ta kamfanin Solarcon. Farar sanda ce ta roba mai ƙarfi, gaɓa uku da ake ɗaurawa da juna, tsawonta kusan ƙafa 18, wato rabin zangon mita 11 ɗin. Ba ta da nauyi, mutum ɗaya zai ɗaga ta da hannu guda, kuma haɗa ta bai ci mini minti ashirin ba. Aikin yana wajen ɗagawa. Mun kafa bututun ƙarfe a jikin bangon gida ta yadda gindin eriyar ya kai ƙafa 30 daga ƙasa, kanta kuma wajen 48. Doka ta ce kada kan eriya ya wuce ƙafa 60 daga ƙasa, ko ƙafa 20 a bisa ginin da aka ɗora ta, don haka muna ciki. Kafin mu taɓa komai dattijon ya sa na auna tazarar da ke tsakaninmu da wayar wutar da ta shigo gida daga falwaya, ya ce idan sandar za ta iya taɓa ta in ta faɗi, a canja wuri. Mun canja, muka koma bayan gida. Mutane suna mutuwa a wannan aikin, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya yi shi shi kaɗai.

A gindinta akwai zobba biyu da ake murɗawa don daidaita ta. Ana sa na'urar auna SWR tsakanin rediyo da wayar da ke zuwa eriya, a duba a layi na 1, a duba a na 40. Lambar tana nuna yawan ƙarfin da ke dawowa cikin rediyo maimakon ya fita. Ƙasa da 1.5 lafiya lau ne, in ta kai 3 kuwa rediyon na iya ƙonewa. Tawa ta tsaya 1.2 a tsakiya bayan hawa tsani sau biyu.

Amma da na gwada da ƙanina, mil bakwai kawai muka samu, kuma raina ya ɓaci. Laifin na waya ne. Ƙafa 100 ce ta siririyar RG-58 da na saya da araha a intanet, rabinta a naɗe a bayan tebur. Da na kwance kan da ke waje, sai ga saƙar tagullar ciki ta koma kore, ruwa na ɗiga daga cikinta, wata biyu kacal da sa ta. Ko sabuwa ce mai kyau, RG-58 mai wannan tsawo tana cinye kusan kashi biyu cikin biyar na ƙarfin kafin ya isa sama, kuma haka take cinye abin da ke saukowa zuwa kunne. Abin da ya fi ba ni haushi, ruɓaɓɓiyar waya tana sa SWR ya yi kyau, saboda ƙarfin da ya kamata ya dawo a gani ya riga ya mutu a hanya. Na sauya ta da LMR-400, ƙafa 60 daidai buƙata, wadda asararta a wannan tsawon ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Kaurinta ya kai ɗan yatsa, tana da tauri, shigar da ita ta bango sai da haƙuri, kuɗinta kuma ya kusa kamo na eriyar kanta. Ban yi nadama ba. Na naɗe mahaɗin waje da roba mai hana ruwa, na bi da salatif sau uku.

Daren da muka sake gwadawa ba zan manta da shi ba. Ina zaune a gareji da kofin shayi, allurar rediyo tana kwance, sai ta ɗan motsa.

"Yaya, kana ji na? Na wuce alamar mil ɗin nan da muka ce."

"Ina jin ka sarai. Ci gaba da magana, kada ka tsaya."

Ya yi ta ba ni labarin kayan da ya ɗauko daga Indiyana har ya iso kusa da gida. Daga inda na fara jin sa zuwa nan mil 14 ne. Yanzu tsakanin 12 da 15 muke samu kusan kullum ta wajen yamma, inda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin masara iya ganinka. Ta gabas, wajen birni, yana raguwa. Da na ari rediyon Uniden 980 mai SSB, na yi hira a layi na 38 da wani mai tasha a gidansa da ke nesa da mu da mil 30.

Wani abu da ban zata ba shi ne hayaniyar cikin gida. Shuuu ɗin da nake ji dare da rana na ɗauka haka rediyo take. Na haɗa ta da batirin mota, na kashe wutar gidan ɗungurungum, sai tsit. Na riƙa kunna ɗaki-ɗaki har na kamo masu laifin: fitilun LED biyu na gareji da cajar wata tsohuwar kwamfuta. Cire su kaɗai ya fito mini da muryoyin da a da suke binne. Uwargida kuma ta yi ƙorafin muryata na fitowa a lasifikar kwamfutarta a falo. Eriyar da ake ba wuta daga gindi irin wannan takan bar wani abu ya biyo bayan waya ya dawo gida. Zobban ferait, masu tare irin wannan abin, da na sa wa wayar daf da gindin eriya suka magance shi. Na kuma kafa sandar tagulla ƙafa 8 a ƙasa saboda aradu, kuma duk da haka in hadari ya haɗo nakan kwance wayar daga rediyo.

Akwai ranakun da sama ke buɗewa, muryoyin nesa su shigo, na riƙa jin Tekzas da Kalifoniya kamar suna bayan gida. A 2024 abin ya yi yawa saboda rana tana ganiyar zagayenta na shekara 11, kuma tun 2017 FCC ta cire haramcin magana da nesa irin wannan. Yana da daɗi, amma ba na lissafa shi cikin aikin eriya, don ranar da ya zo ƙanina da ke mil 10 yakan nutse cikin muryoyin can.

A-99 ta yi mini abin da na saye ta dominsa. Ta sha iskar bazara da ƙanƙara sau biyu, tana lanƙwasa ta miƙe, SWR bai motsa ba. Mai gida a cikin kwari ko tsakanin dogayen gine-gine kada ya sa ran lambobina. Ni dai na riga na sayi ƙarin bututu ƙafa 10, kuma dattijon ya ce zai riƙe mini igiya ranar Asabar in iska ta kwanta.