Farantin duplex na mulmulawa da zafi: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Duplex ƙarfe ne mara tsatsa mai jinsi biyu na ƙwayoyin ƙarfe a jikinsa, kusan rabi jinsin da ake kira ferait, rabi wanda ake kira ostenait. Idan ƙwayoyinsa ƙanana ne, ƙasa da maikiromita 10 (wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita), aka kai shi zafin digiri 900 zuwa 1,000 a ma'aunin Celsius, aka ja shi sannu a hankali, yakan miƙe kamar danƙo, ya ninka tsawonsa sau da yawa bai tsinke ba. Ƙwayoyin ne ke zamewa a kan juna, kowane jinsi kuma yana hana ɗayan girma. Wannan miƙewar ce ake amfani da ita wajen mulmula faranti da zafi ya ɗauki siffar da ake so.

Shi ya sa lambar nau'in ƙarfe da aka buga wa faranti ba ta wadatar ba, don ba ta nuna girman ƙwayoyinsa. Tambayi dillali yadda aka murza shi. Wanda aka murza da zafi kaɗai ya fi araha, amma ƙwayoyinsa manya ne, sun jeru dogo-dogo, yana fara miƙewa sai ya sirance a wuri ɗaya ya yage. Wanda aka murza a sanyi har kaurinsa ya ragu da rabi ko fiye, shi ne ke fitar da ƙananan ƙwayoyi da zarar ya ji wuta. Ga wannan aiki, shi za ka nema ko da ya fi tsada.

Sai batun nau'o'in duplex guda biyu, 2205 da 2507. Na farkon yana da kuromiyam kashi 22 cikin ɗari, nikel wajen 5, molibdenom 3. Na biyun 25, 7 da 4, don haka ya fi jure ruwan gishiri, sai dai ya fi saurin haifar da sigma, wani jinsi mai tauri da gautsi da ke fitowa tsakanin digiri 600 da 1,000. Lokacin mulmulawa sigma na taimakawa wajen riƙe ƙwayoyi, amma in aka bar shi a kayan da aka gama, tsagewa ce da tsatsa. Dole a mayar da kayan wuta wajen digiri 1,050 zuwa 1,100, a tsoma a ruwa nan take. Mai aiki a Jos, nesa da teku, 2205 ya ishe shi.

Kada ka dogara da maganaɗisu: duplex na kama shi, amma 430, wani ƙarfe mara tsatsa mai araha, shi ma haka. Karɓi takardar masana'anta, ka ga lambar narkin (lambar zubin da aka narka ƙarfen) da ke cikinta ta yi daidai da ta jikin farantin. Sannan yanki guntu kamar akwatin ashana, ka tuntuɓi cibiyar binciken ƙarafa ta NMDC da ke nan Jos, a goge shi a auna girman ƙwayoyin kafin ka ɗauki lodi.