Hattara da masu tallan manhajar ƙara wa sifikar laftop ƙarfi

Jama'a, a yi hattara. Mutum sautin laftop ɗinsa ya yi ƙasa, ya shiga intanet neman mafita, sai talla ta tare shi tana alƙawarin ninka masa sauti sau biyar ko shida, ko kuma wai za ta duba masa direbobin kwamfutarsa kyauta, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki. Da yawa daga cikin irin waɗannan tallace-tallace tarko ne.

Kana sauke manhajar sai ta yi kamar tana bincike, ta jero maka jajayen rubuce-rubuce cewa direbobi da dama sun lalace, har da na sauti, kuma gyara sai ka saka lambar katin bankinka. A ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa za a riƙa cirar kuɗin kai tsaye duk wata ko duk shekara. Wata kuma shafi take buɗewa ya cika allo, da jiniya da tambarin Microsoft da lambar waya, wai a kira da gaggawa. Saƙon gargaɗi na gaskiya daga Microsoft ba ya zuwa da lambar waya. Wanda ya kira, za a sa shi ya sauke AnyDesk ko TeamViewer, manhajoji ne na halas amma suna miƙa ragamar kwamfuta ga wanda ke nesa. Daga nan a buɗe masa Event Viewer, inda Windows ke adana rahoton abubuwan da ke faruwa a kwamfuta, a nuna masa gargaɗin da kowace lafiyayyar kwamfuta take tarawa, a ce ga ciwon nan. Akwai kuma shafin da zai ce ka danna maɓallin Windows da R, ka liƙa wani dogon rubutu da ya kwafa maka. Kada ka kuskura. Da hannunka kake saka manhajar satar kalmomin sirri.

Alƙawarin nasu ma bai da tushe. Sifikar yawancin laftop ba ta wuce wat 2 kowace ɗaya ba, kuma babu manhajar da za ta ƙara mata wuta. Abin da manhajar take yi shi ne tura siginar sauti ta wuce iyakarta, sai kanta ya yanke, murya ta riƙa fashewa. In aka daɗe a haka, siririyar wayar da ke naɗe cikin sifika ta yi zafi, ko fatar sifikar ta yage. Ko VLC na kallon bidiyo, da yake barin mutum ya kai kashi 125, bai kamata a zauna a can kullum ba.

Gyaran gaskiya kyauta ne, kuma yana cikin Windows. Fara da danna dama a kan alamar sifika, ka buɗe Volume Mixer, domin kowace manhaja tana da ma'auninta. Sau da yawa babban ma'auni yana 100 amma na burauza yana 20. Bayan haka ka danna Windows da R ka rubuta mmsys.cpl da hannunka, haruffa takwas ne kacal da ɗigo ɗaya, ba abin da wani shafi ya liƙa maka ba. Zaɓi Speakers, shiga Properties, duba Levels da Balance, kada ɓangare ɗaya ya kasance a ƙasa. In akwai Enhancements, kunna Loudness Equalization. Wannan yana ɗaga sassan da suka yi shiru ne ya daidaita su da masu ƙara, kuma shi ne abin da mafi yawan mutane suke nema idan muryar masu magana a bidiyo ba ta fita. Ba kowane direba yake nuna wannan zaɓi ba.

Wurin da aka fi mantawa shi ne Communications, a cikin tagar da mmsys.cpl ya buɗe. Windows tana zuwa da saitin rage sauran sautuka da kashi 80 duk lokacin da ta ji kamar ana kira, kuma manhajar taro da aka bari a buɗe tana iya sa ta rage sautin ba a sani ba. Mayar da shi Do nothing.

Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, shiga Device Manager, nemo na'urar sauti, galibi Realtek ce, shiga Properties sannan Driver, ka danna Roll Back Driver domin komawa tsohon direban. In ba ya dannuwa, sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera laftop ɗin, da lambar samfurin da ke ƙarƙashinsa. Direba ba a sayar da shi.

Sai batun mai gyaran da ko buɗe laftop bai yi ba zai ce ai-sin sauti (IC, 'yar na'urar da ke sarrafa sauti) ya ƙone, sai an canja bod, wato babban allon cikin laftop, gaba ɗaya. Kafin ka yarda, jona iyafis. Idan sauti ya fito ras, zargi ya fi karkata ga sifikar kanta ko 'yar na'urar da ke ba ta ƙarfi. Wani lokaci ƙura ce kawai ta toshe ragar, har da ɓurɓushin ƙarfe da maganaɗisun sifikar ke jawowa. Busasshen buroshi mai laushi ya isa, ban da allura, ban da ruwa. Ramin iyafis ma yakan maƙale, kwamfuta ta ɗauka har yanzu akwai abu a ciki. Sifika kuwa kaya ce mai zaman kanta, 'yan sukurori da ƙaramin soket suke riƙe da ita, ana canja ta ba tare da an taɓa bod ba. Ka nemi a gwada a gabanka, kuma a ba ka tsohon kayan da aka cire.

Wanda shafin jiniya ya riƙe wa allo, ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, daga nan ya kashe burauzar, kada ya yarda ta dawo da shafukan da suka rufe. Wanda kuma ya riga ya ba su hanya, ya katse intanet nan take, ya kira bankinsa a rufe katin, ya canja kalmomin sirri daga wata na'urar daban, imel da farko tunda ta nan ake sake saita sauran. Sannan ya cire manhajar da ƙarin burauzar (extension) da ta saka, ya yi binciken Microsoft Defender Offline. In har sun shiga kwamfutar daga nesa, a kwashe fayiloli a sake ɗora Windows sabuwa.