Asuwaki ko Buroshi: Wanne Ya Fi Korar Warin Baki?

Malam, ka ce ba ka alwala sai da asuwaki, amma har yanzu in ka matsa kusa da mutum sai ya ɗan kau da kai, shi ne kake tambaya ko ka koma buroshi. To, mu aza su a faifai.

Yawancin warin baki a bakin yake, ba olsa ba ce kamar yadda muka saba ɗora mata laifi. Ƙwayoyin cuta ne ke kwance can bayan harshe da tsakanin haƙora, suna cin ragowar abinci, suna fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Asuwaki yana aljihu, sau 5 a rana ana haɗuwa da shi, ga ladan sunna, kuma yana kawo yawu, wanda shi ke wanke baki. Sai dai dubi yadda muke yinsa: mutum na zaune a ƙofar masallaci yana hira, icen na gefen baki, haƙoran gaba huɗu kawai ke shan guga. Turame na can ciki ba a leƙa su ba. Wani ma sai ya yi sati bai yanke kan da ya tauna ba.

Buroshi ya fi shi kaiwa lungu, man kuma na ɗauke da fuloraid mai hana haƙori kogo. Sharaɗinsa minti 2, safe da dare, a sauya shi bayan wata 3. Na dare ya fi muhimmanci, don yawu na raguwa in an yi barci. Ƙamshin man kuwa kada ya ruɗe ka, kafin ka kai Sabon Gari daga Samaru a Zariya ya gushe.

Ni a ganina ba sai ka bar ɗaya ba: buroshi safe da dare, asuwaki a tsakani. Amma duka biyun ba lallai su kori warin ba in ba a kankare harshe ba. Ɗauki cokali ka karto bayan harshenka, ka bari ya bushe, ka sunsuna, za ka ji ko daga nan warin yake. Sannan naman tsiren da ya maƙale a tsakanin haƙora, wannan sai zaren sakace.

Tafarnuwa da ɗanyar albasa dabam suke, jini suke bi su fito ta numfashi, sai haƙuri. Kanumfari rufewa kawai yake yi. Da hunturu ko azumi baki na bushewa, sai ka yawaita ruwa lokacin da ya samu.

In ka yi sati 2 a haka bai ragu ba, ko dasashinka na jini, je ka ga likitan haƙori a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya a kankare maka dattin da ya daskare. In bakin lafiya lau ne, sai a duba hanci da maƙogwaro, a auna suga.