Windows ko Linux Mint a shagon buga takardu?

Malam, Allah ya ƙara buɗi. Ka ce kana da tsofaffin kwamfutoci biyu a shagonka na buga takardu a Garwa ta ƙasar Kamaru, Windows 11 ta ƙi hawa kansu, shi ne kake tambaya ko Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, za ta iya ɗaukar aikin.

Ƙin hawan ba daga gare ka ba ne. Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda da yawa cikin tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana ba su da shi, ita kuwa Windows 10 Microsoft ta rufe tallafinta tun 14 ga Oktoban 2025. Linux Mint, wani nau'in Linux da aka gina a kan wani mai suna Ubuntu, kyauta ce, ba sayen lasisi ba satar lamba, kuma samfurinta mara nauyi mai suna Xfce yana tashi ko da RAM ɗin giga 2 ne, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki.

Inda Linux ta yi wa Windows fintinkau a irin sana'arka shi ne filash. Ɗalibi ya kawo nasa, ɗan kasuwa ya kawo nasa, kowa da cutar da ya kwaso, musamman wadda ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi (shortcut) na bogi. Don Windows aka ƙera ta, ba ta aiki a Mint. Har ma kana iya buɗe filash ɗin ka ceto wa mutum takardunsa.

Ga kuma rubutu. Allon rubutu na AZERTY da Faransanci suna nan a Mint, akwai tsarin allo na Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ, da na Kamaru mai haruffan Fulatanci.

Amma a takardun kwastoma Windows ce a gaba, kuma nan nake so ka natsu. Mint tana zuwa da LibreOffice: Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel. Wasiƙa, rasit, takardar neman aiki, duk ba matsala. Sai dai idan ɗalibin jami'ar Ngaundere ko Marwa ya kawo kundin kammala karatu da ya tsara a Word, teburori da lambobin shafi kan goce, galibi saboda babu salon haruffa irin su Calibri da Times New Roman. Ka sa haruffan Microsoft tun ranar farko, ka kuma saba wa mutane su riƙa kawo PDF idan bugawa kawai suke so. Manhajar lissafin kuɗi ta Sage da Photoshop kuwa ba a yi su don Linux ba.

Firinta fa? Yawancin na HP da ka jona sai aiki. Canon LBP2900, wadda ta cika shagunanmu, tana ba da wahala sosai.

Da ni ne, sai in sa Mint a wadda ake cusa wa filash, in bar Windows a ɗayar, in rage shigar da ita intanet. Kafin ka goge komai, ka sa Mint a filash ka tayar da kwamfutar daga kansa, ka jona firintarka, ka buga takardar kwastoma mafi rikitarwa da kake da ita.