Jirgin ruwa na alfarma daga Seychelles zuwa Mombasa: me tsadarsa take saya wa fasinja?

Jiragen ruwa na yawon shaƙatawa sun kasu gida biyu, kuma wanda bai bambance su ba yana iya zuba kuɗinsa inda bai yi niyya ba. Akwai manya-manya irin su Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024 kuma yake iya ɗaukar fasinja har 7,600, sannan akwai ƙanana na alfarma irin waɗanda Silversea da Seabourn da Regent Seven Seas da Ponant suke gudanarwa, waɗanda akasarinsu ba sa wuce fasinja 750, wasu ma ba su kai 200 ba. Jirgin da na shiga daga tsibirin Mahé na ƙasar Seychelles zuwa Mombasa ta Kenya yana cikin ƙananan, kuma ra'ayina bayan tafiyar shi ne cewa abin da tsadarsa take saya wa mutum da gaske shi ne ƙanƙantar jirgin da kuma lokacin da yake ba fasinja a tudu. Duk inda kamfanin ya cika waɗannan biyu, kuɗin ya halatta. Inda ya tsuke lokaci kuwa, katifa mai laushi ba ta rufe gibin.

Ɗakunan ba su da abin kushewa, kuma ba sa bukatar dogon bayani. Kusan kowane ɗaki yana da baranda mai kallon teku, ana gyara shi safe da yamma, kuma ma'aikatan suna da yawa ta yadda kafin rana ta biyu ta faɗi mai kawo shayi ya riga ya san sunan fasinja da yawan sukarin da yake so. Galibin waɗannan ma'aikata 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna shafe watanni a jere ba su ga iyalansu ba, kuma su ne ginshiƙin abin da ake kira alfarma a nan, ko da yake ba su ne ake nunawa a hotunan talla ba. Abinci yana da kyau, musamman kifin da ake saya sabo a wasu tashoshi, amma mai son naman halal dole ne ya sanar da kamfanin makonni kafin tafiya, domin ana loda yawancin kayan ɗakin girki tun kafin jirgi ya ɗaga anga.

Amfanin ƙanƙantar jirgin ya fara bayyana tun a tsibirin Praslin na Seychelles, inda babu tashar da babban jirgi zai jingina. Jirgin kan jefa anga a nesa da gaɓa, a sauke fasinjoji da ƙananan kwale-kwale masu inji, kuma da yake mutanen ba su da yawa, cikin ɗan lokaci an kwashe kowa, ba tare da dogon layin da ake sha a manyan jirage ba. Wannan ya sa muka isa dajin Vallée de Mai da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Dajin yana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta ayyana tun 1983, kuma a cikinsa ne ake samun itacen coco de mer, wanda ƙwallonsa ya fi na kowane tsiro girma a duniya, har yakan haura kilo 15, kuma ba ya fitowa da kansa sai a Praslin da maƙwabcinsa Curieuse. Tsibirin La Digue ma ya burge, da duwatsunsa masu santsi a bakin ruwan Anse Source d'Argent, sai dai wuri ne da kowa zai iya zuwa da jirgin fito daga Praslin, don haka ba shi ne hujjar biyan wannan kuɗi ba.

Hujjar tana Aldabra. Wannan zoben tsibiran murjani yana da nisan fiye da kilomita 1,000 kudu maso yammacin Mahé, babu otal a cikinsa, babu filin jirgin sama, babu mazauna sai 'yan ma'aikata da masu bincike a ƙaramar tasha da ke tsibirin Picard ƙarƙashin gidauniyar Seychelles Islands Foundation. UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 1982, kuma yana ɗauke da manyan kunkuru fiye da 100,000, adadin da babu kamarsa a ko'ina. Kafin a bar kowa ya sauka, sai da ma'aikata suka bi takalmanmu da buroshi, suka zazzage aljihuna da jakunkuna, suka duba har manne-mannen huluna, domin ƙwayar iri ɗaya ta baƙon tsiro tana iya ɓata tsarin tsibirin. A tudu kuma kunkurun ba su damu da mutum ba. Na ga wani ya miƙa wuya daga ƙarƙashin inuwa, ya dube mu ɗan lokaci, ya koma cin ciyawarsa. Cikar ruwa da janyewarsa ne ke iko da komai a Aldabra, domin tafkin da ke tsakiyar zoben yakan kusan ƙafewa idan ruwa ya ja, sannan ya sake cika ta 'yan mashigai da ƙarfin gaske, kuma kyaftin ɗin ya jinkirta tashi har ruwan ya daidaita don kwale-kwale su shiga. Babban jirgi ba zai taɓa samun izinin wannan sauka ba, kuma kamfanin ya cancanci yabo da ya fifita tsibirin a kan agogon cin abincin dare.

Nosy Be ta Madagaska ta wuce da sauri: gonakin furen ylang-ylang da ake tace turare da shi, da dabbobin lemur masu kama da ƙananan birai a Nosy Komba, waɗanda suka saba da ayaba daga hannun baƙi fiye da yadda ya kamata. Kilwa Kisiwani da ke gaɓar Tanzaniya ta fi tsaya mini a rai, saboda kufan Babban Masallacinta, da kuma na fadar Husuni Kubwa wadda Sarki al-Hasan bin Sulaiman ya gina a ƙarni na 14, lokacin da zinarin da ke fitowa ta tashar Sofala, a Mozambik ta yau, yake bi ta wannan gari. Ibn Battuta ya ziyarce ta a 1331. Masanin tarihin da ke cikin jirgin ya yi lacca a kanta daren da ya gabata, kuma wannan ya sa ganuwar da ba ta wuce tarin duwatsun murjani ga ido ba ta zama gari mai ma'ana. Irin waɗannan malamai suna cikin abin da ake biya, kuma a ganina sun fi wurin tausa da wurin iyo daraja nesa ba kusa ba.

A Zanzibar ne tsarin ya gaza. Jirgin ya iso da hantsi, aka ce kowa ya dawo kafin magariba, kuma cikin wannan ɗan tsakani aka cusa ziyarar gonar kanumfari a wajen gari da zagayen tsohon birni. Birnin da Sarki Sa'id bin Sultan na Oman ya mayar da fadarsa cikinsa wajen 1840, mai lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, ba wurin da ake ratsawa a guje ba ne. An tsaya 'yan mintuna a majami'ar da aka gina a kan tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, aka nuna mana ginin fadar Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883 daga waje, tunda wani ɓangarensa ya rufta a 2020, sannan aka kora mu zuwa jirgi daidai lokacin da masu gasa kifi suka fara kafa tebura a lambun Forodhani, inda garin yake taruwa da dare. Dalilin a bayyane yake, domin kwana a tasha yana ƙara wa kamfani kuɗin haya, tafiyar dare a hankali kuma tana rage shan mai. To amma wanda ya biya kuɗin da yakan kai ɗaruruwan dala, wani lokaci ya haura dubu, a kowane dare ga mutum ɗaya, yana da haƙƙin ya ga Zanzibar bayan faɗuwar rana.

Batun farashin da ake cewa ya haɗa komai ma yana bukatar a karanta shi da natsuwa. Ya haɗa da abinci da tukwicin ma'aikata da intanet, wadda ta inganta sosai tun da jirage suka koma amfani da Starlink mai aiki da tauraron ɗan Adam, amma kaso mai tsoka na ƙimarsa barasa ce da ake zubawa ba iyaka, saboda haka wanda ba ya sha yana biya wa wasu ne, kuma ba a rage masa ko sisi. Mai tafiya shi kaɗai kuma sau da yawa akan caje shi kusan kuɗin mutum biyu. Likitan jirgi ba kyauta ba ne, kuma idan rashin lafiya mai tsanani ta kama mutum a kusa da Aldabra, fitar da shi zuwa asibiti aiki ne mai tsada ƙwarai, don haka inshorar da ta ƙunshi jigilar gaggawa wajibi ce. Seychelles ba ta da zazzaɓin cizon sauro, amma Madagaska da gaɓar Tanzaniya da Kenya suna da shi, kuma wanda ya fito daga ƙasar da ke da cutar shawara za a nemi katin rigakafinsa.

Ta fuskar tsaro ban ga sakaci ba. An yi atisayen sanya rigar ceto da sanin wurin taruwa kafin jirgi ya bar Mahé, kamar yadda dokar ƙasa da ƙasa ta tanada bayan hatsarin Costa Concordia na 2012 a gaɓar Italiya, wanda ya hallaka mutum 32. Sai dai ƙaramin jirgi ya fi babba jin igiyar ruwa duk da fikafikan daidaitawa da ke ƙarƙashinsa, kuma a mashigin da ke tsakanin Madagaska da gaɓar Afirka kujerun ɗakin cin abinci sun yi ƙarancin mutane. Daga Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso gabas tana tayar da teku, daga Nuwamba zuwa Afrilu kuma lokacin guguwa ne a yankin Madagaska, kuma yarjejeniyar tikiti ta ba kyaftin ikon sauya hanya ko tsallake tasha ba tare da biyan diyya ba.

Wanda yake son kiɗa da wasanni da cunkoso zai gaji a wannan jirgi, haka ma mai ƙananan yara, domin ba a tanadar musu komai ba. Wanda kuma burinsa ya taka wuraren da ba a isa gare su ta wata hanya, ina ba shi shawarar ya shiga, amma kafin ya biya kuɗin ajiya ya nemi jadawalin da ke nuna ƙarfe nawa jirgi zai isa kowace tasha da ƙarfe nawa zai tashi, ya tabbatar cewa an rubuta sauka a Aldabra ba wucewa ta gefensa kawai ba, sannan ya zaɓi tafiyar da jirgi yake kwana a Zanzibar ko wadda take ƙarewa a can, don ya ƙara kwanakinsa a otal yadda ya ga dama.